Mai zane ya tona min asirin labari tun shafi na uku, ku ba ni shawara

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kuka na kawo, a yi haƙuri da tsawon maganata.

Shekara biyu ke nan ina fama da wani ɗan littafin yara. Labarin wata yarinya ce, Nana, da kyanwarta ta ɓace. Ta bi gida-gida tana cigiya, ta leƙa duk wani lungu, sai a shafin ƙarshe ta tarar da ita ƙarƙashin gadon kakarta, ta haifi 'ya'ya huɗu. Kamfanin da ya karɓi littafin shi ya zaɓo mai zane, ban san shi ba, ko muryarsa ban taɓa ji ba. Jiya edita ta turo min zanen gwaji na fensir. Na buɗe da ɗoki, ban kai rabi ba na kife wayar na tashi na sha ruwa.

Kyanwar da na ɓoye sai ƙarshe, bawan Allahn nan ya saka ta a kusan kowane shafi. Nana tana tambayar maƙwabci, ga jelar kyanwa a bayan bokiti. Nana tana kuka a bakin ƙofa, ga kyanwa can saman katanga da safa a baki. To ina abin mamakin ya tafi? Sannan rubutuna kalma 900 ne da 'yan kai, an ja layi a kan kusan 300. Duk inda na ce Nana na sanye da jar riga, ko na ce fuskarta ta nuna damuwa, an goge, wai zane ya riga ya faɗa. Ga kwangila ta ce kason ciniki raba daidai za mu yi, sunansa kuma girmansa ɗaya da nawa a bango. Kakar ma ya zana min ita tsohuwa tukuf, ta rankwafa da sanda, alhali ba haka take ba.

Ni na haifi labarin nan. Shin in tsaya kan bakata ne ko ni ce ban gane ba?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki tsaya kan bakarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika kwana da labarin nan shekara biyu, shi sati nawa ya yi da shi? Aikin mai zane ya zana abin da aka rubuta, kamar yadda tela ke ɗinka abin da mai yadi ya ce. In yana da nasa labarin ya je ya rubuta, ba wanda ya riƙe masa hannu. Kuma wannan al'ada ta kamfanoni ta hana marubuci ganin mai zane ban taɓa gane hikimarta ba. Littafinka, amma sai an yi maka iso wajen wanda zai yi masa fuska?

Autan Zaure:
Kyanwa da safa a baki 😂 Anti, Allah ya ba ki haƙuri, amma ni dai tun daga nan na fara son littafin.

Mai Fensir:
Malam Abu Sumayya, misalin tela ya ɗan sosa min rai, amma bari in yi bayani a hankali, tunda sana'ata ce aka taɓa.

Hajiya Maman Ikram, littafin yara mai zane yawanci shafi 32 ne. Ba son rai ba ne, injin ɗab'i ne ya kawo haka: ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, a ninke ta a yanke, shi ya sa adadin ke tafiya takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In aka cire shafin suna da na haƙƙin mallaka da na sadaukarwa, abin da ya rage na labari bai wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Aikina na farko, kafin in zana ko ido, shi ne in yanka rubutunki in raba shi a waɗannan buɗe-buɗen, in san wace jimla za ta tsaya a ƙasan shafin dama, yadda yaro zai ƙagu a juya. In kula kada fuskar Nana ta faɗa tsakiyar littafi inda ɗinki zai haɗiye mata hanci. In bar fili mai haske inda rubutu zai zauna. Bayan nan in zana Nana sau hamsin ko fiye, ta gaba, ta baya, tana gudu, tana kuka, har sai hannuna ya haddace ta, don kada ta shafi na 4 ta zama yayar ta shafi na 20. Littafi ɗaya yakan ci min wata shida, wani lokaci ya haura.

To ki duba labarinki da idon mai zane. Buɗi goma a jere, yarinya tana tsaye a ƙofar wani tana tambaya, ana ce mata ba a gani ba. A rubuce yana da daɗi, don maimaici kiɗa ne a kunnen yaro. A zane kuwa hoto ɗaya ne sau goma. Dole abokin aikina ya nemo abin da zai riƙa motsi a cikin hotunan, sai ya samo shi a cikin labarinki ke kanki: kyanwar da za ta haihu tana neman wuri mai taushi. Safar nan da take ɗauka shimfiɗa take haɗawa. Bai ƙirƙiro sabon labari ba, ƙarshenki ya karanta da kyau ya dawo baya yana shuka shi.

Batun jar riga kuma, in yaro yana kallon rigar ja jawur, me jimlar ta ƙara masa?

Maman Ikram:
Malam Mai Fensir na gode, kuma wallahi ban lura safar shimfiɗa ce ba, na ɗauka wasa ne kawai ya saka. Amma har yanzu tambayata tana nan. Ni so nake yaro ya shiga damuwa tare da Nana, zuciyarsa ta tsinke, ya ce ko kyanwar ta mutu ne. In yana ganinta tun shafi na uku, wace damuwa zai yi?

Malamar Aji Ɗaya:
'Yar'uwa, bari in ba ki labarin abin da nake gani da idona. Shekara goma sha ɗaya ina karanta wa yara 'yan shekara biyar da shida littafi a aji.

Akwai wani tsohon littafi na wata Baturiyar Ingila, Pat Hutchins, sunansa Rosie's Walk, ya fito a 1968. Rubutunsa gaba ɗaya jimla ɗaya ce, kalma 32: kaza ta fita yawo, ta bi ta nan, ta zaga ta can, ta dawo gida. Shi ke nan. Amma a zane dila na biye da ita tun daga farko, duk tsallen da ya yi zai cafke ta sai ya faɗa wani bala'in. Ko sau ɗaya rubutun bai ambaci dilan ba, kazar ma ba ta taɓa waiwayowa ba. Ranar da na fara karanta shi, ni ina karatu da murya a kwance kamar ban ga komai ba, yara suna miƙewa tsaye suna ihu, "Malama, ga shi nan a bayanta!" Wani yaro da ba ya magana a aji sai da ya taso ya ɗora yatsa a kan shafin.

Abin da na fahimta, yaro ƙarami kullum shi ake gaya wa abu, shi ne wanda bai sani ba. Ranar da littafi ya ba shi damar sanin abin da babba mai karatu "bai sani ba", ba ƙaramin daɗi yake ji ba. Kuma ki tuna littafin yara ba sau ɗaya ake karanta shi ba. Abin mamakin shafin ƙarshe dare ɗaya yake aiki. Dare na biyu yaro ya riga ya san inda kyanwar take. Me zai dawo da shi dare na talatin? Neman jelar nan a bayan bokiti.

Kuma ai bai tona duka ba. Yaro zai ga kyanwa, amma bai san me take yi da safa ba. 'Ya'yan huɗu suna nan a ɓoye.

Abu Sumayya:
Malama, misalinki ya yi kyau amma bai hau ba. Matar nan ita ta rubuta ita ta zana, ita ta ga damar ɓoye dilanta. Ba wani ne ya shigo mata da shi ta taga ba.

Kuma kada a mayar da marubuci kamar ba shi da ta cewa. Franz Kafka, da za a buga labarinsa na mutumin da ya wayi gari ya rikiɗe ya zama ƙaton ƙwaro, a 1915 ya rubuta wa kamfanin Kurt Wolff takarda cewa kada a kuskura a zana ƙwaron, ko daga nesa. Aka bi maganarsa. Bangon ya fito da mutum ya rufe fuska da hannuwa a gaban ƙofa a buɗe, cikin ɗakin duhu. Yau shekara fiye da ɗari kowa da irin ƙwaron da yake gani a ransa. Da mai zanen ya ce shi ma yana da fasaha, da ya kashe labarin. Akwai abin da in an nuna shi ya mutu.

Tsohon Edita:
Salamu alaikum. Tun safe nake bin zancen nan, jikokina suka hana ni sakat sai yanzu.

Abu Sumayya, maganar Kafka gaskiya ce, kuma ina cikin masu ganin ya yi daidai. Sai dai littafinsa in ka cire bangon ka jefar, labarin bai ragu da komai ba. Na 'yata Maman Ikram in ka cire zanen, rabin littafi ka jefar. Iri biyu ne, kada mu haɗa su a ma'auni ɗaya. A littafin manya zane baƙo ne, dole ya zauna inda mai gida ya nuna masa. A littafin ƙananan yara su biyun ne masu gidan.

Tunda an fara kawo na da, ga nawa. Lewis Carroll da kansa ya fara zana labarin Alice a rubutun hannunsa, ya ga hannunsa bai kai ba, ya nemi John Tenniel, wanda a lokacin ya yi suna da zanen barkwanci a mujallar Punch. Carroll ne ke biyan kuɗin komai daga aljihunsa, kuma mutum ne mai sa ido a kan kowane layi. Duk da haka, da aka buga kwafi 2000 na farko a 1865, Tenniel ya ce bai yarda da yadda zanensa 42 suka fito ba, Carroll ya janye bugun aka sake sabo, ya ɗauki asarar. A littafin Alice na biyu kuma akwai wani sashe na zanzaro mai hular gashi. Tenniel ya rubuta masa cewa sashen bai burge shi ba, bai ga ta inda zai zana shi ba, in ana son rage tsawon littafi ga dama nan. Carroll ya cire. Sai a 1974 takardun sashen suka ɓullo a wajen gwanjo a Landan. Wato marubucin da ke biyan mai zane da kuɗinsa ya saurare shi har ya yanke rubutunsa. Ba don tsoro ba. Ya san mutumin na ganin abin da shi ba ya gani.

Dalilin da ya sa muke shiga tsakani kuwa, ba mugunta ba ce. Na taɓa haɗa wani marubuci da mai zane kai tsaye, ina ganin na yi abin kirki. Cikin wata guda mai zanen ya ajiye aikin. Kullum da saƙo: hancin ya yi tsawo, labulen ba kalar na ɗakinmu ba ne, yaron bai yi kama da ɗana ba. Marubuci yana da hoto a kansa, kuma ba wani mai zane a duniya da zai iya fitar da wannan hoton. In ka bar su, marubucin zai yi ta jan hannun mai zane zuwa ga abin da ba zai samu ba, a ƙarshe a sami zane mai biyayya marar rai. Ko Julia Donaldson da Axel Scheffler, masu littafin Gruffalo na 1999, da suke aiki tare tun 1993, ba zama suke a tebur ɗaya ba. Ita ta gama rubutu ta miƙa wa edita, edita ya miƙa masa.

Yanzu 'yata, ƙorafi huɗu kika kawo. Kowa ya rufu a kan ukun farko, ni kuwa na huɗun da kika ambata a gurguje shi ya tsaya min. Kika ce kakar ba haka take ba. Ba haka take ba a ranki, ko ba haka take ba a rubutun?

Maman Ikram:
Baba, a rubutun. Akwai wurin da kakar ta ɗaga Nana ta ɗora a kafaɗa don ta leƙa bayan katanga. Mahaifiyata na kwatanta, Allah ya ji ƙanta, ta haura sittin tana ɗaukar jikokinta kamar ba komai. Shi kuma a wannan shafin sai ya zana Nana ta taka kujera, kakar na gefe riƙe da sanda. Jimlar ma tana cikin waɗanda aka ja wa layi.

Tsohon Edita:
Allah ya ji ƙanta ya sa ta huta. To nan ne wurin faɗanki, kuma ki yi shi da ƙarfinki. Jar riga ado ce, in ta tafi ba a rasa komai ba. Wannan kuwa hali ne, shi ne abin da ya bambanta kakar Nana da kakar kowane littafi. Mai zane yana da 'yancin ƙara abin da rubutu ya yi shiru a kai. Ba shi da 'yancin ƙaryata abin da rubutu ya faɗa, balle a goge rubutun don ya dace da kuskurensa. Editarki ma ta yi sake a nan.

Shawarata, kada ki tura mata ƙorafi ashirin. In kika tura ashirin za a ɗauke ki mai mita, a biya miki ƙananan a bar babban. Ki tura ɗaya ko biyu, ki faɗi dalili daga cikin labarin.

Mai Fensir:
A nan kam ba zan kare ɗan'uwana ba. Cuta ce da ke kama mu duka: ka ji "kaka", hannu ya tafi da kansa ya zana sanda da rankwafawa, ka ji "malami" ya zana tabarau. Lalaci ne na hannu.

Hajiya, in kina da hoton mahaifiyarki, ki ba edita ta tura masa, ki ce ba kamanninta kike so ya kwafa ba, tsayuwarta kike so ya gani. Mu irin wannan ba ya ɓata mana rai. Lokacin da Quentin Blake ke zana ƙaton nan na littafin The BFG na Roald Dahl, wanda ya fito a 1982, sun yi ta kai-komo a kan abin da ƙaton zai sa a ƙafa. Rannan sai ga ƙunshi ta gidan waya, Blake ya buɗe ya ga takalmi sandal ƙafa ɗaya, na Dahl ne da kansa. Shi ne a ƙafar ƙaton har yau. Ni da marubuci zai riƙa turo min takalmi maimakon saƙon murya na minti tara, da na ƙara tsawon rai.

Ummu Khalil:
Ni ta ɓangaren kwangilar zan yi magana, don ni ta cije ni. Littafina na farko da kaina na buga. Na sami wani mai zane, muka yi ciniki da baki, na biya shi gaba ɗaya, ya ba ni hotuna, kowa ya kama gabansa. Littafi ya karɓu, na zo sake bugu da girma daban, maɗaba'a ta ce in kawo ainihin fayil ɗin zanen. Na kira shi, ya ce ai na bugu ɗaya na saya, zanen nasa ne, in ina son na biyu sabon ciniki. Na yi fushi na kai maganar wajen wata lauya, ta tambaye ni takarda, na ce babu. Ta ce to a ƙa'idar haƙƙin mallaka zane na wanda ya zana ne, sai in ya sa hannu ya sallama. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da shi naki.

Saboda haka Maman Ikram, ki gode Allah kamfani ne ya ɗauki wannan nauyin. Ki dai karanta da kyau: in an fassara littafin, ko an yi fim ɗin katun, ko an buga Nana a jikin jaka, wa ke da me?

Abu Sumayya:
To ai ga irinta nan. Amma ni rabin nan ne bai kwanta min ba. Ba don labarin ba da me zai zana?

Tsohon Edita:
Ba don zanen ba wa zai ɗauki littafin daga kan kanta? Yaro ɗan shekara huɗu bai iya karatu ba, bango yake nunawa. Raba daidai shi ne abin da aka saba a manyan kamfanonin Ingila da Amurka: in kason littafi kashi 10 cikin 100 ne, marubuci 5, mai zane 5. Lambar Caldecott ma, da ake bayarwa a Amurka tun 1938 ga littafin yara mai zane, mai zanen ake miƙa wa, ba marubucin ba.

Tambayar Ummu Khalil ta ƙarshe kuma kada a raina ta, don ita ta raba L. Frank Baum da W. W. Denslow. Tare suka mallaki littafin Oz na 1900, ɗaya rubutu ɗaya zane. Da aka mayar da shi wasan dandamali a 1902 kuɗi suka shigo, rigimar kaso ta tashi, Baum bai ƙara aiki da shi ba. Littafin Oz na biyu a 1904 John R. Neill ne ya zana. Lokacin da ba a samu ba kowa ɗan'uwa ne. A rubuta komai tun ana dariya.

Autan Zaure:
Ni fa ina da tambaya, kada a cinye ni. Me zai hana Anti ta ba AI, wato manhajar kwamfuta mai ƙirƙirar hoto da kanta, labarin ya zana mata yadda take so cikin minti biyar? Ba rabi, ba musu, ba kyanwa da safa.

Mai Fensir:
Auta, je ka gwada ka dawo. Ka ce ya zana maka Nana ɗaya a hoto goma sha huɗu, da riga ɗaya, da ɗaki ɗaya da taga a wuri ɗaya. Ko ya iya wannan, kai ka faɗi matsalar da bakinka: ba kyanwa da safa. Zai ba ka abin da ka ce, ba zai karanta ƙarshen labari ya dawo ya ce maka "kyanwar nan fa ciki gare ta, me take yi duk tsawon yinin?" ba.

Ummu Khalil:
Ga kuma batun mallaka. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke a kan wani littafin zane da aka yi hotunansa da wata manhajar AI mai suna Midjourney: rubutun da tsarin jera hotunan na marubuciyar ne, amma hotunan kansu ba su da kariya, don ba mutum ya zana su ba. Wato wani na iya ɗaukar Nanarki ya yi abin da ya ga dama.

Mai Zaure:
Jama'a, maganar AI a buɗe mata nata zauren, mun san inda take kai mu. A dawo kan tambayar Hajiya.

Malamar Aji Ɗaya:
Ƙaramar shawara kafin ki amsa wa edita. Ki buga zanen gwajin a takarda, ki ninke ki manna rubutun da aka rage a kai, ki sami yaron da bai san labarin ba ki karanta masa. Kada ki yi masa bayani, kada ki nuna masa komai. Ki kalli idonsa kawai, ki ga ina yake zuwa.

Maman Ikram:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara.

Na bi shawarar Malama. Ikram ta san labarin, don haka na aro ɗan maƙwabciyata, shekararsa biyar. Shafi na uku bai ga jelar ba. Na biyar ya gani, ya kalle ni ya kalli takardar, ya yi shiru, kamar yana tausayina. A na bakwai ya kasa daurewa, ya kama haɓata ya juyo da fuskata ya ce, "Ke ba kya gani ne?" Da muka zo ƙarƙashin gado ya ga 'ya'yan kwance a kan safa da ɗankwali da hular jariri, sai ya ƙwace takardun ya koma baya yana neman inda ta ɗauko kowanne. Ni da na rubuta labarin ban san akwai hular jariri ba sai da ya nuna min ita a kan igiyar shanya a shafi na tara.

Don haka kyanwa ta zauna. Amma ban sallama duka ba. Na roƙi a cire ta daga buɗi biyu na tsakiya, inda dare ya fara yi Nana ta zauna ita kaɗai, don ina son ko na ɗan lokaci yaro ya neme ta ya rasa, ya ji abin da Nana ke ji. Edita ta kai masa, ya ce wannan ya fi nasa.

Kaka kuma na tura hoton Mama kamar yadda Malam Mai Fensir ya ce. Jiya sabon zane ya zo. Ba fuskarta ba ce, amma ya kama yadda take dafa ƙugu da hannu ɗaya. Sandar ta tafi, Nana tana kan kafaɗa, jimlata ta dawo. Na daɗe ina kallon shafin, ba zan ɓoye muku ba.

Daga kalma 300 da aka yanke na karɓo 40. Sauran da na sake karantawa da zanen a gabana, ni kaina na ji nauyinsu. Kwangila na sa hannu bayan an ƙara sakin layi a kan fassara da katun, Ummu Khalil Allah ya saka.

Abu Sumayya:
Ma sha Allah. Kin ga da kin yi shiru da sandar nan ta shiga maɗaba'a. Ni dai ina nan kan ra'ayina a batun rabi, amma tunda mai abu ta sa hannu, na yi shiru.

Tsohon Edita:
Kafin a tura maɗaba'a ki nemi a nuna miki gwajin launi a kan takardar da za a buga, ba a waya ba. Shafukan daren nan biyu su nake ji, shuɗi mai duhu yakan fito baƙi ƙirin a takarda, rubutu ya nutse a ciki.

Maman Ikram:
In sha Allah Baba, na rubuta. Saura abu ɗaya da ban gaya wa edita ba, don kun ce kada in yi mita. Kyanwar da na yi labarin a kanta fara ce tas. Shi baƙa ya zana mai farin ƙafa ɗaya. Rubutun bai faɗi launinta ba, na duba sau uku.

Mai Fensir:
Hajiya, farar jela a jikin farar katanga wane yaro ne zai gano ta? Ki bar masa wannan.

Autan Zaure:
Anti, in littafin ya fito ni dai a ajiye min kwafi. Kuma a tambayar min shi safar ta waye, don ƙafa ɗaya na gani.